Kafin Biza, a Fara da Ƙofar Doka

Ƙannena da 'ya'yana mazauna Samaru da Sabon Gari,

Wayar hannu ta kawo muku duniya har kan katifa. Kuna kallon matafiya suna yawo a biranen Kudancin Amurka: wannan ya hau dutse a Riyo yana hangen teku, wancan yana cin ɗanyen kifi da aka jiƙa da ruwan lemon tsami a Lima, wani ya zauna gaban gasasshen naman shanu a babban birnin Ajantina, wani kuma yana haki a kangon Machu Picchu saboda tsawon hawa. In kun gama kallo sai ku yi ajiyar zuciya ku ce Allah Ya kai mu. Amin, Allah Ya kai ku. Sha'awar ganin ƙasashe gadonmu ce. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja da ƙafa, wasunsu sun yi shekaru a hanyar Makka.

Abin da ke damuna shi ne, ɗalibi zai shigo Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekara huɗu ko biyar, ya karɓi takardarsa ya koma gida, iyakarsa Kwangila da PZ. Bai taɓa ratsa Ƙofar Doka ba. Bai san inda fadar Zazzau take ba, alhali daga ƙofar jami'a zuwa can ba a kai kilomita 20 ba. Yaron da aka haifa a Muciya ko Cikaji shi ma haka: kullum yana tsallake layin dogo, bai taɓa tambayar yaushe aka shimfiɗa shi ba. Mai irin wannan hali ko an ɗauke shi an sauke a Barazil, hotuna kawai zai dawo da su. Ganin gari abu ne da ake koya, kuma a gida ake koyonsa, inda kuka iya harshen mutane, kuɗin mota bai fi ƙarfin aljihunku ba, kuma ba wanda zai tambaye ku fasfo.

Ku fara da inda kuke kwana. Samaru ta girmi jami'ar da ta sa aka san ta. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau, jami'a kuwa sai ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta. In kun ji manomi a Giwa ko Soba yana maganar irin SAMMAZ ko SAMNUT ko SAMPEA, sunan Samaru yake ambata, domin a gonakin gwajin da kuke wucewa a kan acaɓa aka fitar da su. Ku leƙa sashen zane-zane ku zaga cikin gumakan da ɗalibai suka sassaƙa. Makarantar zanen, tun kafin ta zama sashen jami'a, ta yaye Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa ba. Yau manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya suna ji da ayyukansu. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe. Da yawanku kun wuce shi ba ku ɗaga kai ba.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife ta. Da layin dogo ya iso Zariya a hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya kai a 1911, sai ga leburori da akawuna da maƙera da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Gwalkwas da Saliyo. Turawa suka ƙi barinsu su shiga birni su cuɗanya da talakawan Sarki, suka yanka musu fili daban da tituna a miƙe. 'Yan Arewa baƙi aka zaunar da su a Tudun Wada, Turawa kuma suka keɓe kansu a bariki. Gari ɗaya aka raba shi kashi-kashi, kowa da hukuncinsa. Daga nan Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa: ƙaramin layi ya nufi Jos wajen haƙar kuza, wani ya miƙe ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka riƙa bi ta nan zuwa teku. Unguwar da kuke kira PZ ta ci sunan kamfanin Turawa ne da ya kafa kanti a wurin. Ku je tashar jirgin da rana, ku dubi gine-ginenta da tsofaffin gidajen ma'aikata, ku nemi wani dattijo da ya yi aikin reluwe ku gaishe shi ku zauna. Irin waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma abin da ke bakinsu ba ya cikin kowane littafi.

Ina nanata maganar Sabon Gari ne saboda rabon da Turawa suka yi bai gama fita daga zukatanmu ba. Har yanzu akwai ɗan birni da ke ganin Sabon Gari wurin sheƙe aya ne kawai, akwai kuma ɗan Sabon Gari da ke jin tsoron cikin ganuwa bai taɓa shiga ba. Mun ga rikicin da rashin sanin juna ya jawo wa garin nan a 1987 da 2011, ba ma fatan a maimaita. Wanda ya taɓa zama a rumfar mutum ya ci abincinsa, ya san sunan 'ya'yansa, da wuya a zuga shi ya ɗauki makami a kansa.

To, mu zo ga ciki, tunda rabin labarin matafiyi abinci ne.

Na san abincin ɗalibi: indomi da ƙwai wajen mai shayi da daddare, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, garin kwaki in wata ya yi nisa. Ba na raina shi, shi ya rayar da dubban masu digiri. Amma kada ku bar Zazzau ba ku ci abincin Zazzau ba. Kanawa suna tsokanar Zagezagi da fate, su kuwa Zagezagi ko a jikinsu, domin sun san abin da suke sha. Faten tsaki da aka yi da yakuwa da alayyafo da gyaɗa da ɗan gauta, aka kawo shi da zafinsa da hantsi, ya wuce abin dariya. Ku nemi wanda uwar gida ta dafa, ba na gaggawa ba. Ku nemi ɗan malele da manja da albasa. Ku yi sammako wajen mai waina tun tanda tana kan wuta, ku ci da miyar taushe. Ku sha rake a lokacinsa, ku tambayi yadda ake dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi. In kun shiga Kasuwar Sabon Gari kada ku tsaya a bakin titi. Ku kutsa layin masu kayan miya na Kudu, inda ake sayar da agushi da ogbono da busasshen kifi da manja a jarka, ku tambayi mai rumfa yadda ake sarrafa kowanne. Ku zauna a buka ku ci sakwara ko amala. Musulmin cikinku in yana da shakka a kan nama, ya tambaya cikin ladabi wa ya yanka. Masu abinci a Sabon Gari sun saba da wannan tambaya tun kafin a haife ku, ba za su ji haushi ba muddin ba a yi ta da yatsina ba.

Yatsina ita ce babbar cutar matafiyi. Ka ga abin da ba ka saba da shi ba ka toshe hanci, ko ka ɗauki hotonsa don abokanka su yi dariya. Matar da ke tsaye gaban wuta tun asuba tana ganin fuskarka. In ba za ka iya ci ba, ka yi godiya ka wuce. Kula da lafiya kuma daban take da ƙyama: ku ci abin da aka sauke yanzu da zafinsa, ku dubi ruwan da ake wanke kwano da shi, ku yi hattara da kayan sanyi da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Wannan ƙa'ida ɗaya ce a Hayin Dogo da Lima.

Ga wani abu da nake so ku riƙe da kyau. Kudancin Amurkan da kuke hange a waya tana cikin kwanonku kullum. Ku tsaya wajen mai tsire da yamma ku dubi yajin da yake barbaɗawa. Ƙuli-ƙuli ne da barkono. Gyaɗa asalinta yankin Boliviya da maƙwabtanta ne, barkono da attaruhu su ma daga nahiyar Amurka suka zo. Rogon da ake yin garin kwaki da shi daga Barazil yake. Dankalin Turawa daga tsaunukan Feru da Boliviya ya fito, inda har yau manoma ke riƙe da ire-irensa dubbai. Tumatirin da ake lodawa a kwanduna daga fadamun Galma, kakanninsa a can suke tsirowa a daji. Masarar faten ma daga Meziko take. Jiragen ruwan Fotugal ne suka fara kawo wasu daga cikin waɗannan gaɓar Afirka ta Yamma tun ƙarni na 16, suka bi hannun manoma da fatake sannu a hankali har suka iso ƙasar Hausa. Ke nan akwai zamanin da miyar Zazzau ba ta san tumatir ba, yajinta masoro ne da citta da kimba, tuwonta na dawa da gero, gurjiya kuma ita ke zaune inda gyaɗa take yanzu. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita, da shukar baƙuwa aka gina ta.

Jiragen da suka kawo iri ba su koma wofi ba, da mutane suka koma. Wannan ɓangaren labarin masu yawon buɗe ido ba su cika faɗa ba, ku kuwa ya kamata ku san shi, domin naku ne. Birnin Salbado a jihar Bahiya shi ne babban birnin Barazil na farko, daga 1549 zuwa 1763, kuma yana cikin manyan tashoshin da aka riƙa sauke bayi. A farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasashenmu, Hausawa da yawa sun faɗa hannun masu fataucin mutane, aka gangara da su teku aka kai su can. A 1807 hukumomin Bahiya suka bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salbado da fararen riguna suka yi artabu da sojoji. An murƙushe su, an kashe da dama, an koro wasu zuwa Afirka. A jikin waɗanda suka faɗi an sami layu da takardu da rubutun Larabci, irin wanda almajiri ke yi a allo a Zangon Shanu. Barazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. Yau in matafiyi ya je tsohuwar unguwar Salbado zai tarar da mata sanye da fararen kaya suna soya ƙullun wake a manja, suna tsaga shi suna zuba masa yaji da jatan lande. Suna kiransa akaraje, gwamnatin ƙasar ma ta sa sana'ar cikin kayan gadonta. Ƙosai ne. Baƙo daga wata nahiya zai ci ya ce da daɗi ya wuce. Ɗan Samaru da ya san tarihinsa zai tsaya ya yi wa waɗanda suka kai shi can addu'a.

Akwai ma wanda ya bar mana labarin tafiyarsa. Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa ɗan garin Zugu ne a ƙasar Benin ta yau, kan hanyar fataken goro, mahaifiyarsa Bakatsiniya. An sayar da shi aka kai shi Barazil, ya yi bauta a Fernambuko da kuma cikin jirgin ruwa na Riyo, ya tsere lokacin da jirgin ya je Amurka a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. A cikin sarƙa ya ga waɗancan birane, amma ya lura, ya riƙe, ya faɗa. Masana tarihin Barazil har yau suna komawa ga littafinsa, domin irinsa ba su da yawa.

Yanzu sai ku hau mota ku nufi birni. Daga Samaru za ku bi ta Zango da Palladan, inda makarantar koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, ku wuce Kwangila da PZ, ku haye Kubanni ku ratsa Tudun Wada. Kafin ku shiga ganuwa ku tuna a wannan yanki Kamfanin Gaskiya yake, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta. Shi ma matafiyi ne: ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga Ƙofar Doka ku sauka ku taka da ƙafa gwargwadon iko. Ku dubi abin da ya rage na ganuwa, ku tambayi sauran ƙofofin, Ƙofar Gayan da Kuyambana da Kibo da Jatau da Kona, kowacce ina ta fuskanta kuma su wa ke shigowa ta cikinta a da. Ku tsaya wajen masu ɗinkin babbar riga da allura, ku tambayi wata nawa aska takwas ke ci kafin a gama. Ku dubi zanen da ke jikin ƙofar fada.

Kusa da fadar ne Masallacin Juma'a yake, kuma a kansa nake so ku fahimci dalilin da ya sa nake gaggauta ku. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834, maginin kuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu. Da ƙasa da azara ya tayar da ginshiƙai ya ɗaura bakan gizo, ya yi rufin da masana gine-gine daga ƙasashe da dama suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kansa. A gidan tarihi na Jos har kwafinsa aka gina. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufto, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. An shiga aikin sake gini, amma ɗaliban da suka yi shekaru a Samaru suna cewa sai wani mako, sun rasa damar ganin aikin Babban Gwani yadda ya bar shi. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe duk shekara, kuma gidajen da ake yi wa yaɓen suna raguwa. Kowace damina sai wani tsohon zaure ya faɗi, a share wurin a kafa bulo.

In kun fito, Wusasa ba nisa. Can 'yan mishan suka koma a 1929 bayan ɗaya daga cikinsu, Dokta Miller, ya yi shekaru a cikin birni, suka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, da hannun magina Hausawa, bisa fasalin ginin gargajiya. A garin Janar Yakubu Gowon ya tashi. Musulminku da Kiristanku duk ku je ku gani, ku nemi izini a ƙofa kamar yadda za ku nema a ko'ina. Dutsen Kufena yana nan kusa ga mai ƙarfin gwiwa, daga samansa ana hango shimfiɗar garin.

Shiga unguwar da ba taku ba tana da ladubba. Ku yi sallama, ku gaida dattawan da ke zaune a dakali kafin ku tambayi komai, matambayi ba ya ɓata amma sai ya iya gaisuwa. Kada ku zarce zaure sai an ce ku shigo. Kada ku ɗaga waya a fuskar mace ko almajiri ko mai sana'a ba da yardarsa ba, talaucin mutum ba abin ado ba ne ga shafinku. 'Yan mata ku yi shigar da za ta sa a karɓe ku a matsayin 'ya'ya. In kun tsayar da mai sana'a kuna yi masa tambayoyi, ku sayi wani abu ko da kaɗan ne, kuma kada ku yi ta ja-in-ja a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba. Ku tafi da rana, ku biyu ko uku, ku sanar da wani inda za ku. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne ku nemi ɗan ajinku ɗan birni ya yi muku jagora, ku kuma ku rama masa da yawo a Sabon Gari. Mahaifiyarsa za ta ciyar da ku abin da babu shi a kowane gidan abinci.

Sannan ku rubuta. Hoto yana nuna fuskar abu, amma ba ya riƙe sunan unguwa, ko farashin kwanon masara a ranar, ko abin da tsohuwa ta ce game da yadda ake jiƙa tsaki. Ku sayi ƙaramin littafi, ku sa kwanan wata, ku rubuta da Hausa ko da harshen da kuka fi sakewa a cikinsa. Yawancin abin da duniya ta karanta game da Zazzau baƙi ne suka rubuta shi: Kilafaton da ya ratsa garin a 1826, M. G. Smith da ya yi nazarin sarautarta, da matarsa Mary da ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954. Sun yi ƙoƙari, amma da tafinta ko da Hausar koyo suka yi aiki. Ku da kuka sha harshen a nono za ku ji abin da ya wuce su.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne daga kaka zuwa sanyi, sa'ad da hanya ta bushe, sabon hatsi ya shigo kasuwa, rake da dankali suka wadata, rana kuma ba ta da zafi sosai. Wanda hutun Sallah ya same shi a makaranta kada ya kwanta a ɗaki yana kewar gida: ya yi sammako ya sami wuri kusa da fada kafin jama'a su cika, ya ga hawan Sarkin Zazzau da hakimansa, ya tafi da ruwan sha da 'yan canji a aljihu, domin a ranar motocin haya ba sa iya kaiwa ciki, dole sai an taka.